Shekarar da Na Goya Babanku

Na san abin da kuke faɗi idan na ba da baya. Kuna cewa Inna ta ceci ran Baba, amma ta zubar masa da mutunci a tsakiyar kasuwar Gidan Rumji, kuma bayan haka ba ta bar bawan Allah ya huta ba, sai ta riƙa ɗaure shi a baya tana yawo da shi gari-gari kamar kayan talla. A bakin Baba Idi, wan babanku, kuka ji wannan, domin a shekarar babu ɗayanku a gida. Ɗan farina, wanda bakina ba ya kama sunansa, yana Yamai wurin aiki, Hadiza kuma tana ɗakin mijinta a Maraɗi. Baba Idi ya ga abin da ya gani daga rumfarsa ta hatsi, ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ni ce a kan moto, wato babur ɗin babanku, ba shi ba. A shekarar nan sau biyu na kusa rasa babanku, sau ɗaya a hannun ciwo, sau ɗaya kuma yana zaune a gabana da ransa. Ku saurara, kada wanda ya katse ni, ko da a zuci ne.

Kun san babanku mai gyaran injin niƙa ne. Jan motonsa babu ƙauyen da bai shiga ba, daga nan har bayan Tibiri, ya fita da hantsi ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu. Ni kuwa tsawon zamanmu ban taɓa hawansa ba, wankin rigunan da yake ɓatawa ne kaɗai rabona da shi. Da ƙarfi ya fara ja baya, ya bar wa waɗanda ya koya wa aikin, sai ya dawo ya zauna mini a tsakar gida. Kai, ban taɓa ganin mutum mai neman magana irinsa ba! Ya yi faɗa da kaji, ya yi faɗa da tsintsiya, ya ce miyata ta canza, miyar da ya sha tun yana da baƙin gemu. Ana nan aka aiko cewa gwaggona ta rasu a Cadawa, ranar kuma babu motar da ta cika a tasha. Ya fito da moto ya ce in hau. Na yi zaman gefe irin na mata, na ƙanƙame ƙarfen baya, babu addu'ar da na sani da ban karanta ba kafin mu kai Maraɗi. A dawowa ya ce ya san wata gajeruwar hanya, ya sauka daga gudron, wato kwalta, ya shiga cikin gonaki. Gajeruwa! Sai da muka yini. Gero ya fitar da kai dama da hagu, gyaɗa ta rufe ƙasa, iska tana dukan fuskata, ni da na saba da hayaƙin murhu. Muka tsaya gindin wata tsamiya, muka sayi nono wurin wata Bafillatana, muka dama fura a ƙwaryarta. A nan ya ba ni labarin yadda ya taɓa faɗawa rijiya yana yaro, labarin da ban taɓa ji ba, ni da na haifa masa 'ya'ya har suka yi aure. Na yi dariya har na ƙware. Ranar ce na fara jin ya yi mini doguwar magana wadda babu cefane a ciki.

Matsalar ita ce a garinmu mutum ba ya fita haka kawai. In aka gan ka a hanya za a ce ina zuwa, kuma dole ka ce gaisuwa, ko barka, ko dubiya, ko kasuwa. Dattijo da matarsa su ce yawon shan iska za su? Ai sai a ce a nemo masu malami. Saboda haka muka koma farautar dalili. Sai ya gama karin kumallo ya goge baki, ya dube ni da fuskar nan tasa ta marar laifi.

"Rabi, wa muke da shi a Gazawa?"

"Babu kowa, Malam."

"Ki dai tuna."

"Akwai ɗiyar maƙwabciyar gwaggona, an ce ta haihu bara."

"Subhanallahi! Bara, kuma ba mu je barka ba? Tashi ki shirya, wannan ai yanke zumunci ne."

Haka muka gaisar da mutanen da ba su san mu ba. Mun yi ta'aziyyar tsoffin da ba mu taɓa gani ba, mun duba marasa lafiyan da suka daɗe da warkewa. Har liman ya yi misali da mu a wurin wani ɗaurin aure, ya ce a yi koyi da Malam Sani da iyalinsa wajen zumunci, babanku yana zaune ya sunkuyar da kai kamar waliyyi. Mu kuwa abin da ke kai mu shi ne hanya. Mun san inda ake samun tsire mai laushi a Agye, mun san rijiyar da ruwanta ya fi sanyi kafin Sae Sabuwa, mun san kukar da inuwarta ta fi ta kowace daɗi. Wallahi ban yi amarci irin na shekarar nan ba, ko lokacin da nake amaryar gaske.

Bayan an cire amfanin gona ne ya koya mini tuƙi, a wata gona bayan Agye inda babu wanda ya san mu. Da wasa aka fara. Na ce masa abin nan ba wuya gare shi ba, ku maza ne kuke kumbura shi. Ya sauka ya ce bismilla. Na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa, yana riƙe da ciki yana dariya. Daga ranar na riƙa sa tsohon wandonsa a ƙarƙashin zane in za mu fita, don in iya raba ƙafa. Kafin zafi ya shigo na iya sa bitas, wato giya, na iya birki, na iya tafiya miƙe in ƙasa mai tauri ce. Abu guda ne ya gagare ni, rairayi mai zurfi. Da na shiga sai kan moto ya ƙwace mini, in ji ni a ƙasa da yashi a baki. Kuma ya ɗora mini sharaɗi, bai yi dariya ba da yana faɗinsa.

"Rabi, wanga abu namu ne ni da ke. Kada ido ɗaya na Gidan Rumji ya gan ki riƙe da kan moto. Ni mutum ne mai tsufa a cikin mutane."

Na ce na ji, na kuma riƙe. Duk inda muka je, tun kafin a hango hasumiyar masallacin garinmu nake komawa baya in yi zamana na gefe kamar ban san komai ba.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, ranar kasuwar garinmu. Mun kwana a Sae Sabuwa wurin wani suna, wannan karon na gaske, muka taso da safe ta hanyar daji, shi ke tuƙi. Rana ta take, mun kusa gida, sai na ji moto yana ta karkata dama. Na ce Malam, barci kake? Bai amsa ba. Muka tafi a hankali, a hankali, muka kwanta cikin yashi kamar an ajiye mu. Na taso ina shirin yi masa tsiya, sai na ga fuskarsa. Bakinsa ya karkace, yawu yana zuba, idon dama ya sauko. Na ɗaga hannunsa na dama na saki, ya faɗi kamar tsumma. Innalillahi! Na san ciwon nan, shi ya ɗauki babana, kuma na san abin da ya kashe babana zaman jiran mota ne. Na ciro salula, babu rezon kira ko ɗigo. Na duba gabas na duba yamma, babu amalanke, babu mai jaki, duk wanda zai ci kasuwa ya riga ya wuce tun da safe. Na yi ihu har muryata ta dushe, babu wanda ya amsa sai wata akuya.

Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na tayar da moto na kafa shi kusa da wani kututture, na taka ya tashi, na bar shi yana ruri. Na ciccibi babanku na zaunar a kan kututturen, daga nan da ƙafarsa mai lafiya da kafaɗata muka hau da shi. Na shiga gabansa na ce ya riƙe ni. Ya riƙe da hannu ɗaya, kafin in taɓa komai ya fara zamewa. Na tare shi, na sake gyarawa, ya sake zamewa. A nan ne hannuna ya yi abin da ya saba, ba kaina ba. Na kwance zanena na sama, na zagayo da shi ta ƙarƙashin hamatarsa, na ja shi ya manne da bayana, na ɗaure a ƙirji kamar yadda na goya kowanenku. Na cire mayafi na yi majanyi da shi, na haɗa kugunsa da nawa na tamke. Ƙafarsa ta dama tana jan ƙasa, sai na tuɓe ɗankwali na ɗaure ta a jikin matakin. Ga ni nan, tsohuwa, kai babu ɗankwali, furfura a waje, sanye da tsohon wandon miji, da gardin mutum goye a baya. Ban ma tuna da haka ba a lokacin, numfashinsa kaɗai nake saurare a bayan kunnena.

Kafin a shiga gari hanya ta rabu biyu, kun san wurin. Ta hagu ta zagaya bayan gari ta bi ta cikin busasshen ƙorama, babu kowa a can, amma rairayi ne har idon sawu. Ta dama ta hau gudron ta ratsa tsakiyar kasuwa ta miƙe gidan likita. Da muka tunkari mararrabar sai na ji hannunsa na hagu ya damƙi cikina. Ashe yana cikin hankalinsa, ya san inda muke, ya kuma san irin shigar da muke ciki. Maganar tana fita da ƙyar, kamar bakinsa cike da tuwo.

"Ta baya... Rabi... ta baya."

"Malam, rairayi ne. Ka san ni da rairayi."

"Don Allah... don Annabi... kada a gan ni haka."

Tunda nake da shi bai taɓa roƙona da Allah ba. Na ji kamar an soka mini wuƙa. Na hango mu a cikin ƙoramar nan, mun faɗi, moto ya danne mu, muna ɗaure da juna, babu mai gani balle ya ɗaga. Na hango kuma rumfunan kasuwa, da abokansa, da surukansa, da duk wanda ya taɓa durƙusa masa. Ya sake cewa Rabi. Na ce masa to. Na ce to, na murɗa mai, na hau gudron.

Ya gane tun a taku na farko, don ƙasa ta daina laushi a ƙarƙashinmu. Sai ya cusa fuskarsa a wuyana. Kasuwa ta cika maƙil, ga shanu ana kora, ga buhunan gero a bakin hanya, ga masu amalanke sun gindaya. Na danna oda ban ɗaga ba, ina ihu a ba ni hanya. Mutane suka dare, amma ba don tausayi ba, don kallo. Na ji wani ya ƙyalƙyale da dariya, na ji wata ta ce la'ilaha, Rabi ce! Can wani ɗan iska ya ɗaga murya ya ce goyo, goyo, jama'a ku zo ku ga goyo, sai kasuwa ta ɗauka. Ba su san ciwo ne ba, na yarda, sun ɗauka hauka ce ta kama ni. Daidai rumfar Baba Idi wani bijimi ya gitta, na taka birki da ƙarfi, moto ya yi tari ya mutu. Na kafa ƙafafu biyu a ƙasa, nauyin mutum biyu da na ƙarfe duk a kaina. In na ɗaga ƙafa ɗaya don in taka ya tashi, faɗuwa za mu yi. Baba Idi ya taso da mudu a hannu, idonsa kamar garwashi.

"Ke Rabi! Mi nike gani haka? Kwance shi! Kwance shi, a shigo da shi rumfa a rufa masa asiri, a aika neman mota!"

"Yaya, ciwon shanyewar jiki ne. Babu lokacin neman mota."

"Na ce ki kwance! Ɗan'uwana ne, ba buhun dawa ba!"

Ya miƙo hannu zai kama kullin da ke ƙirjina. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi tsakiyar fuskarsa ba, na ce masa wallahi, Yaya, ka taɓa kullin nan sai na cije ka. Ya ja da baya kamar ya taka wuta. Maza suka kewaye mu, kowa da shawararsa, wani ya ce a tofa masa, wani ya ce a zuba masa ruwa, babu mai taɓa moto. Wuyana kuwa ya jiƙe, kuma ba gumi ba ne, babanku ne ke kuka. Allah ya ji ƙan Kulu mai daddawa, ita ce ta ture tirenta ta ratso maza, ta kira masu kayan miya biyu, ta ce ke Rabi ɗauke ƙafa, mu ne ƙafarki. Suka riƙe mu ta gefe suka tura da gudu. Na sa bitas na saki hannu a hankali yadda ya koya mini a gonar Agye, moto ya yi tsalle ya kama. Ban waiwaya ba sai a ƙofar likita, inda aka yanke ɗankwalina da almakashi don kullin ya ƙi kwantuwa.

Ya rayu, kun sani. Daga nan aka wuce da shi Maraɗi, kuka zo kuka gan shi a gado, kuka yi kukanku kuka koma. Abin da ba ku gani ba shi ne zaman da ya biyo baya. Ya dawo gida yana jan ƙafa da sanda, hannun dama bai dawo ba, amma magana ta dawo masa sarai. Ta dawo wa kowa ban da ni. Sunana ya ɓace daga bakinsa. Sai ya dubi bango ya ce a kawo ruwa, a ɗauke kwano, a rufe ƙofa, kamar da aljanin gidan yake magana. Sau ɗaya ya lallaɓa ya fita masallaci, a hanya wani ya ce ga Goyon Rabi nan, bai sake leƙa zaure ba. Masu dubiya in sun zo sai ya ce a ce yana barci. Ni ke yi masa wanka, ni ke sa masa riga, ni ke murza masa hannu da man shanu, amma ko ido ba ma haɗawa. Damina ta zo ta wuce a haka. Na ji tsoron mutuwarsa a daji, ashe akwai abin da ya fi wannan cin rai. Wata rana haƙurina ya ƙare, na dire kwanon tuwo har miya ta fantsama.

"Malam, ka faɗa mini. Gawa mai mutunci ka so in kawo gida?"

Ya dubi bango.

"An ce to," in ji shi.

"Na ce to! Kuma yau ka sake roƙona, to zan ce, in bi ta kasuwa. Ka yi fushinka da ranka, ya fi mini."

Ya juya mini ƙeya. Na shiga madafa na yi kukan da ban yi ba a daji.

Bayan kaka Baba Idi ya ce a sayar da moto, tunda mai shi ba zai ƙara hawa ba, kuma barinsa a gidan fitina ne. Da faɗin fitina ya dube ni. Babanku ya ce a sayar. Wata ranar kasuwa ya zo da mai saye, wani ƙato ɗan kabu-kabu, wanda tuƙi ne abincinsa. Ya ce zai ɗana, kuma tunda kasuwa ta cika zai zaga ta bayan gari. Muka zauna jira, babanku a kan tabarma, Baba Idi a kan kujera, ni daga bakin madafa ina tsinke zogale ina jin kamar ɗana za a raba ni da shi. Shiru, shiru. Can sai ga shi ya shigo yana turo moto, madubi ɗaya ya karye, gwiwar hannunsa tana jini, yashi har cikin kunne.

"Alhaji, moto lafiya lau yake, hanyar ce ba ta biyuwa. Sau biyu rairayin ƙoramar nan yana kayar da ni, na biyun sai da ya danne mini ƙafa. Ba don wasu masu itace ba da har yanzu ina can."

Allah ya sani guɗa na so in rangaɗa. Na ci gaba da tsinkar zogalena. Babanku ya dubi ƙaton nan tun daga sama har ƙasa, ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya. Sannan ya ce wa wansa ya fasa sayarwa. Baba Idi ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya kaɗe riga ya koma rumfarsa, mai saye ya bi shi yana ɗingishi. Gida ya rage mu biyu. Ina duƙe sai na ji abin da na cire rai da ji.

"Rabi."

Zogalen ya zube daga cinyata.

"Zanen nan yana nan?"

"Yana cikin adaka, Malam."

"Ɗauko. Ki sa wandon."

Na ɗaure shi a bayana, wannan karon da ɗankwalina a kai, shi kuma ya sa babbar riga da hularsa ta Juma'a. Na ce wa za mu ce mun je gaisarwa? Ya ce babu kowa, duk wanda ya tambaya a ce masa yawo za mu. To kun ji, ku da kuke cewa na yi talla da shi. Duk tafiyar da muka yi bayan wannan, har Gazawa, har shekarar da Allah ya karɓi abinsa, shi ke cewa ɗauko zane, ni tuƙi ne nawa. Da muka fito ƙofar gida na tsaya, na ce ta ina? Ya ce ta kasuwa mana, ke da ba ki iya rairayi ba.

Muka hau gudron. Kasuwa ta cika kamar waccan ranar, kawuna suka fara juyowa, na ƙara mai don mu wuce da sauri. Sai na ji ya ɗaga hannunsa na hagu yana gaisar da mutane ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da Kulu mai daddawa. Da muka zo daidai rumfar Baba Idi ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Rage gudu, Rabi. Waccan ranar ba su gani da kyau ba."

Na rage.